Kuɗin lefe ko dogon lensi?

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin sakandare ne a Zariya, ina koyar da ilimin halittu. Na yi bautar ƙasa a jihar Kuros Riba, kusa da Akamkpa, kuma a can ne wani malamin daji ya fara shiga da ni kurmi kallon tsuntsaye. Tun daga lokacin abin ya shiga raina. Na sayi kyamara ta hannu da ɗan lensinta, na koma can a hutun da ya wuce, amma hotunan da na dawo da su ba sa nunuwa: wasu duhu, wasu dishi-dishi, wasu kuma ganye ne ya fito tangaran, tsuntsun ya ɓace a bayansa. Wani da muka haɗu a Facebook ya ce matsalar lensi ce, in sayi mai tsawon milimita 600, in kuma riƙa kunna kukan tsuntsu a sifika don su matso kusa. Kuɗin da ke hannuna kawai na lefe ne, an kuma riga an sa rana bayan babbar salla. Ina tunanin in taɓa su, in mayar kafin lokaci idan na sayar da hotuna. Yarinyar ba ta san komai ba. Hajiyata kuwa cewa take bin tsuntsu aikin yara masu danƙo ne, kuma tana tsoron a sace ni ko a ɗauke ni infoma. Baba, yaya zan yi?

Ɗanka daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka taɓa kuɗin nan. Na sa wannan a gaba ne don kada ka bi sauran bayanin kana laluben wata ƙofa da zan bar maka a buɗe. Kuma ba don ina ganin abin da kake so shirme ba ne. Dalilina na farko ma bai shafi aure ba, kyamara ya shafa: lensin da ake zuga ka ka saya ba zai gyara maka hotunan ba.

Abin da ya ɓata maka aiki duhu ne, ba nisa ba. Kai da kanka ka ga itatuwan kurmin Oban na can wajen Akamkpa, wasunsu sun kai mita 40 ko fiye, rassansu sun haɗe a sama, ƙarƙashinsu ga wasu itatuwan, ƙarƙashin waɗannan ga wasu. Hasken ranar da ke isowa ƙasan irin wannan kurmi bai cika wuce kashi 2 cikin 100 na wanda ke sauka a ƙololuwa ba. Idonka ba zai gaya maka haka ba, domin ido yana sabawa da duhu cikin 'yan mintuna. Kyamara ba ta sabawa. Idan haske ya yi mata kaɗan sai ta jinkirta ƙiftawarta, ta bar ƙofa a buɗe, a ce 1/30 na daƙiƙa, kuma a ɗan wannan lokacin hannunka ya yi rawa, tsuntsun ya juya kai, reshe ya kaɗa. Dishi-dishin da kake gani ke nan.

To dubi lensin da abokin naka ke nufi. Wanda albashin malami zai iya tunkara shi ne irin mai 150 zuwa 600, kuma idan ka zuƙo shi ƙarshe faɗin ƙofar haskensa f/6.3 ne. Wannan lamba tana ƙaruwa ne ƙofar tana tsukewa. Tsohon lensi mai milimita 300 a f/4 yana shigar da haske kusan ninki biyu da rabi na wancan. Ga shi kuma dogon lensi yadda yake ƙara girman tsuntsu haka yake ƙara girman rawar hannu, nauyinsa kuma kusan kilo 2 ne, ka ɗauke shi a tudu mai santsi da zufa tana zuba ka ji. Waɗanda suka haɗa tsawo da haske, irin 600 mai f/4, sabonsu ya haura dala 10,000. Dogon lensi na fili ne, irin fadamun Haɗejiya da Nguru ko Dagona, inda dinya da kirinjijiya ke can tsakiyar ruwa rana kuma tana ƙwallewa. A kurmi tsuntsun da ya yi maka nisa ganye ya riga ya rufe shi, tsawon lensi ba ya huda ganye. Sayensa don wannan matsalar ƙara wa guga igiya ne alhali gindinsa ne a huje.

Kyamarar da ke hannunka ba ka gama cin moriyarta ba. Ka daina barinta tana zaɓar maka komai. Buɗe ƙofar haske iya ƙarshenta. Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa ga tsuntsun da ke zaune, 1/500 ga mai tsalle-tsalle. ISO kuwa, wato lambar da ke ƙara wa kyamara ƙarfin gani a duhu, sake shi ya hau, 3200 ko ma 6400. Hoton zai yi ɗan tsaki-tsaki, amma wannan ana rage shi a kwamfuta, musamman idan da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, dishi-dishi kuwa ba shi da magani. Hotunan da ganye ya fito tsuntsu ya ɓace, kyamara ce ta kama abin da ya fi kusa da ita. Saita ta ta riƙa kamawa da ɗigo ɗaya na tsakiya, ka ɗora ɗigon a kan idon tsuntsun. Idan tsuntsu yana sama, farin sararin sama na bayansa, ƙara haske da +1 ko +2, in ba haka ba baƙin inuwa kawai za ka samu. Jingina da kututture, matse gwiwoyin hannunka a jikinka, danna ka riƙe ta ɗauki biyar ko shida a jere, na tsakiya yakan fi fita. Duk wannan ba sai ka je Kuros Riba ba. Shiga ƙarƙashin mangwarori masu duhu a nan Samaru da sassafe ka gwada a kan kurciya da baiwar Allah har yatsunka su san maɓallan ba tare da ka duba ba.

Amma abin da ya fi saiti muhimmanci shi ne inda ka tsaya. Sabon shiga yakan kutsa can tsakiyar kurmi yana zaton nan tsuntsaye suka fi yawa, sai ya yi awa biyu yana jin kuka ta ko'ina bai ga ko gashin fiffike ba. Waɗanda suka daɗe a harkar bakin kurmi suke tsayawa, ko tsohuwar hanyar masu katako, ko bakin rafi, ko inda wani babban itace ya faɗi ya buɗe taga a sama. A nan haske yake, a nan furanni da ƙwari suke, don haka a nan tsuntsaye ke saukowa daidai ido. Tambayi mutanen ƙauye wane itace ne ke 'ya'ya a wannan makon, musamman dangin ɓaure. Ka je gindinsa tun gari bai gama wayewa ba, ka sami gefen da rana za ta fito ta bayanka, ka zauna. Manyan dangin cilakowa na kurmi, waɗanda ake jin ƙarar fikafikansu tun kafin a gan su, da ƙaton shuɗin turako mai tukku wanda tsawonsa ya kai santimita 70, da tattabarun daji masu kore, duk su za su zo su same ka. Daga fitowar rana zuwa hantsi ne kasuwar. Da rana ta take kurmi yakan yi tsit.

Akwai kuma wani abu da ka sani a littafi amma wataƙila ba ka lura da shi a daji ba. Ƙananan tsuntsayen kurmi sukan yi ayari, iri daban-daban su haɗu suna tafiya tare suna kiwo, kowa da benen da yake ci: wani a kututture, wani a ƙarƙashin ganye, wani a sama. Shi ya sa za ka ji shiru na dogon lokaci, can sai wurin ya ɓarke da motsi na minti goma, sannan ya mutu. Idan ka ji ayarin na zuwa kada ka bi shi a baya, duba inda ya nufa ka riga shi, ka tsaya cik. Haka nan kwarkwasa. Idan rundunarta ta bazu tana farauta, ƙwari da gizo-gizo suna gudu a gabanta, akwai tsuntsayen ƙasa masu kunya da ke biye da ita suna tsintar masu gudun, kuma a lokacin hankalinsu ba ya kanka. Tsaya a gefe, ka cusa ƙafar wandonka cikin safa, ka riƙa duba ƙasa, don cizon kwarkwasa ba wasa ba ne.

A kurmi kunne ne gaba, ido na biye. Masu ƙidayar tsuntsaye yawancin abin da suke rubutawa a irin wannan daji da kunne suka gane shi, kuma akwai dangogin da launinsu ya yi kama ƙwarai, kore-kore ruwan ƙasa, sai da murya ake rarrabe su. Shafin xeno-canto yana da tarin kukan tsuntsayen duniya kyauta. Sauke na yankin da za ka je, ka riƙa saurare a gida. Wayarka ma tana ɗaukar murya da kyau a inda kyamara ta kasa ɗaukar hoto.

A gida na ce, ba a daji ba. Batun sifikar nan ban yarda da shi ba. Yana aiki, shi ya sa ake yi, amma dubi dalilin da ya sa yake aiki: namijin yana jin kamar wani ya shigo masa yanki, sai ya bar kiwo, ya bar gadin sheƙa, ya fito fili yana neman abokin faɗan da babu shi, shaho kuma yana kallo. Masu bincike sukan yi na 'yan daƙiƙu da izini don ƙidaya. Wannan daban ne da mutumin da zai kunna ya bari har sai ya sami hoton da zai burge a Facebook. Haka batun sheƙa. A Kuros Riba akwai tsuntsun nan mai sanƙon kai ja da shuɗi, Picathartes, wanda ke gina sheƙar laka a jikin duwatsun cikin kurmi, kuma mutane daga Turai suke tasowa don ganinsa. Ana ganinsa ne ta hanyar zama shiru da nisa tare da ɗan jagora, ba filasha, ba matsawa. Ka tuna hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa tana ta shawagi a kansu, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Idan kuma ka dace da inda aku ke kwana ko sheƙa, kada ka faɗi wurin a intanet, ka kuma kashe alamar wuri a hotunan waya. Kama shi don sayarwa ya yi masa ɓarna har a 2016 aka sa shi a rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wato an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Masu tarko ma suna da Facebook.

Yanzu ga Hajiya. Maganarta biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farkon, cewa aikin yara ne, lokaci zai warware ta. Nijeriya tana da tsuntsaye sama da iri 900, kuma akwai cibiya guda a Laminga kusa da Jos, APLORI, wadda ke aiki da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000 tana ba da digiri na biyu a kan kare halittu, a gefen dajin Amurum. A duwatsun Filato ne aka gano wata 'yar'uwar baiwar Allah da masana ba su sa mata suna ba sai 1998, kuma akwai wani tsuntsun da ke saka ƙwansa a sheƙarta, har yana kwaikwayon kukanta. Suratul Mulk ma, aya ta 19, tana jan hankalinmu mu dubi tsuntsaye a sama suna shimfiɗa fikafikai suna naɗewa. Sai dai kada ka je ka ja wa mahaifiyarka aya don ka ci gardama. Nuna mata hoton alhudahuda ko shamuwa mai kyau, ka bar ta ta ba ka labarin abin da ta sani a kansu, za ka sha mamaki.

Magana ta biyu kuwa Hajiya ta fi ka gaskiya. A ƙasar nan yanzu, saurayi shi kaɗai a daji da kyamara da madubin hangen nesa, da wuya wanda ya gan shi ya kawo tsuntsu a ransa. A Arewa akwai dazuzzukan da ba a ma maganar shigarsu, irin Kamuku ta wajen Birnin Gwari da Rugu. A Kudu kuma kai baƙo ne mai kamannin da ake yi wa zato. Ba mu manta da Uromi ba, a jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta da ke hanyar komawa Kano, bisa zargin masu satar mutane ne. Saboda haka ba shiga daji ba takarda. Gandun dajin Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, yana da ofis, na Okomu a jihar Edo ma haka. Ka je ka biya, a haɗa ka da malamin daji, ka riƙe katin aikinka. Idan dajin na ƙauye ne, fara da gaida mai gari, ka ɗauki ɗan garin ya yi maka jagora, ka sallame shi da mutunci. Ya fi ka sanin inda itace ke 'ya'ya, kuma shi ne zai yi magana da yaren wurin idan an tare ku. Kurmin Kagoro da Nindam a kudancin Kaduna shi ne mafi kusa da kai mai tsuntsayen kurmi na gaske, amma kada ka je sai mutanen wurin sun ce maka hanya lafiya a wannan makon. Dajin cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan yana cikin shinge, ana shiga da izini, kuma a yankin ne ake samun tsuntsun nan masaƙi baƙi da ja da aka sa wa sunan Ibadan a 1958, wanda babu shi a wata ƙasa. Kafin kowace tafiya ka gaya wa Hajiya sunan garin, da lambar wanda za ka sauka wurinsa, da ranar dawowa. Ka tabbata ka yi allurar shawara, ka tafi da gidan sauro da takalmi mai rufe idon sawu.

Wata rana, idan hali ya yi, akwai Kakum a Ghana kusa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya tsakanin itatuwa a tsayin mita 30 zuwa 40. A can kai da tsuntsayen ƙololuwa ido da ido kuke, cikin haske, kuma ɗan lensin da kake rainawa zai ba ka mamaki. Wannan tafiya ce ta mai iyali da ya yi tanadi, ba ta bana ba.

Batun mayar da kuɗi da cinikin hotuna, cire shi daga lissafi. Intanet cike take da hotunan tsuntsaye na mutanen da suka shekara ashirin suna yi da kayan miliyoyi, kuma shafukan da ke sayarwa sau da yawa abin da suke ba mai hoto a kan guda bai kai dala ɗaya ba. Waɗanda suke ci da wannan harka da saninsu suke ci: jagorancin baƙi, aikin ƙidaya, bincike, koyarwa. Kai kuma malamin ilimin halittu ne, ƙafarka ɗaya tana ciki. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015 ƙarƙashin APLORI, wanda 'yan sa-kai ke yi da manhajar BirdLasser a waya: an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, kana zagayawa kana rubuta abin da ka gani. Akwai rukunin 'yan Arewa a ciki. Neme su. A cikinsu za ka sami abokan tafiya, ka sami wanda zai ara maka dogon lensin nan na yini ɗaya ka ji nauyinsa da kanka, kuma sunanka zai fara shiga inda ake neman mutane idan aiki ya taso.

Kuɗin lefe a hannunka suke, amma tun ranar da kawunnanka suka je suka zauna da iyayenta aka sa rana, ba naka ba ne kai kaɗai. Idan lokaci ya zo akwatuna ba su cika ba, ba kai za a fara kallo ba, su za a kalla, da Hajiya. Ko da a ce ka iya mayarwa, atamfa da leshi ba sa jiran kowa, abin da kuɗin za su saya yau ba shi za su saya bayan wata huɗu ba. Shawarata, a cikin makon nan ka damƙa su ga yayarka ko gwaggonka su shiga Kantin Kwari su fara haɗa kaya. Abin da ya riga ya zama turmi a akwati ba ya hana ka barci da dare kana duba farashin lensi.

Yarinyar kuma ka gaya mata, ba batun taɓa kuɗin ba tunda ba za ka taɓa ba, batun tsuntsayen. Mace ta tare ta tarar mijinta yana saɓa jaka bayan sallar asuba ranar Asabar, ko yana ajiye kuɗin mota zuwa Kalaba, ba tare da an taɓa yi mata bayani ba, zuciyarta ba tsuntsu za ta kawo ba. Nuna mata hotunan, har da marasa kyan, ku yi dariya. Ku yi magana a kan sau nawa a shekara za ka yi doguwar tafiya da kuma nawa za ta ci. Bayan biki ka kai ta gindin Kufena ko bakin dam ɗin jami'a da yamma. Ko ta so abin ko ba ta so ba, ta san inda kake zuwa.

Idan akwai abin da za ka tara wa kuɗi daga albashi, a hankali, madubin hangen nesa ne mai lamba 8x42. Takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 faɗin gilashin gaba a milimita, kuma wannan haɗin yana ba da haske da faɗin gani da ake bukata a ƙarƙashin itatuwa. Mai 10 ko 12 yana tsuke maka fili har tsuntsu ya tashi kana nemansa. Lensi mai haske, na hannu, ya biyo baya idan ka shekara kana aiki da wanda kake da shi.

Sannan yau ɗin nan ka ciro kyamarar daga jakar da ka dawo da ita. Ruwan da ake yi a sassan Oban ya kan kai ninki uku na Zariya, kuma laimar da ta shiga lensi tana haifar da funfuna a jikin gilashin ciki, wadda idan ta daɗe takan ci fatar gilashin. Cire murfin gaba da na baya, haska tocilan ta ciki, ka duba ko akwai wasu siraran zare farare. Idan akwai, kai wa mai gyara tun da wuri. Idan babu, sami roba mai murfin da iska ba ta shiga, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa ajiye ta a ciki, musamman da damina.